Ruwan da Na Ba Dawar Selam

Kwana huɗu na makara, kuma daga nan komai ya faro. Biza ce ta riƙe ni. Sai da sauran ɗalibai suka yi kwana huɗu da fara kwas ɗin sannan na sauka ƙasar Holan da jaka ɗaya da ƙullin ƙuli-ƙulin da Inna ta cusa mini a ƙasan kaya.

Kwas ne na wata biyu kan adana iri, wanda suke yi a lokacin zafinsu. Zafinsu ke nan, mu kuwa a Hunkuyi damina ce ta kankama. Ina ajin ƙarshe a jami'a, ina karanta tattalin arzikin noma, wato mu ne masu bin buhu daga gona zuwa kasuwa, ba masu binciken tsiro ba. Abin da ya kai ni guda ɗaya ne. Duk wanda ya gama lafiya, Farfesar da ke shugabantar kwas ɗin za ta rubuta masa takardar yabo, da ita kuma ake neman gurbin digiri na biyu kyauta. Saboda takardar nan Baba ya sake ni ana tsakiyar noman farko, damina ta farko tun ina ɗan shekara tara da ba na bayansa a kunya.

"Je ka, Bashari," ya ce da ni. "Ni da gwiwata ma lallaɓa. Kai dai ka zo mini da takardar."

Zangon farko, tashar jirgin ƙasa. A nan wani baƙar fata ɗan'uwana ya tare ni da fara'a har kunne, yana ce mini ɗan'uwa da Turanci. Ya ce a garin nan wanda ba shi da keke gurgu ne, ga kuma wani zai sayar mini da rahusa saboda fatarmu ɗaya. Ni da na yi awa biyu ban ga wanda ya kalle ni ba, sai na ji kamar na gamu da ɗan Kudan, maƙwabtan garinmu, a Makka. Na saya.

Kwana biyu na hau. Rana ta uku ina fitowa daga kanti wata mata ta dafe sitiyarin tana faɗa da yarensu, tana nuna wani koren fenti a ƙarƙashin sirdi. Kekenta ne da aka sace. Wallahi ban san lokacin da na sakar mata ba. Ina ta cewa ta yi haƙuri, gumi na keto mini, ina hango 'yan sanda sun sa ni a jirgi, ina hango yadda zan shiga Hunkuyi da sunan ɓarawon keke. Ta hau abinta ta tafi. Na yi kwanaki in na ji jiniya sai gabana ya faɗi.

Daga nan na koma tafiyar ƙasa, minti arba'in zuwa makaranta. Wani tsoho ne ya lura da ni, shi ke kula da ɗakunan gilashin da ake shuka a ciki, famfo da fitila da makullai duk a hannunsa. Sunansa Yop. Kowa Yop yake ce masa gatsal, har yaran da ya yi jika da su. Ni bakina ya ƙi, sai na sa masa Baba Yop. Kullum da safe in tsaya in gaishe shi yadda aka koya mini: an tashi lafiya, ya gajiya, ya iyali, ya aiki. Ranar farko ya tsaya yana kallona kamar mai jiran in faɗi abin da ya kawo ni. Da ya gane gaisuwar ce kawai, sai ya zama shi ke jirana a bakin ƙofa. Rannan ya turo mini wani tsohon keke mai kwando a gaba.

"Na matata ne," ya ce. "Ta rasu. Keke in ba a hawansa lalacewa yake."

Sai addu'a na yi ta yi wa matar da ban sani ba, shi kuma yana gyaɗa kai.

To, bari in koma ranar da na iso makarantar, don a nan na tafka ta farko. Su ɗalibai an zagaya da su ko'ina a ranar buɗewa, an yi musu bayani dalla-dalla. Ni da na makara, Farfesa da kanta ta ja ni cikin minti goma, tana sauri za ta shiga taro. Doguwar mata ce mai furfura, Turancinta kamar an ɓare buhun gero a kan siminti. Ta nuna nan, ta nuna can. Muka ratsa ɗakin gilashi na uku, ta nuna wasu tukwanen roba da aka ɗaura wa jan ƙyalle, ta faɗi wata magana mai tsawo.

"Ka gane?"

"Na gane, ranki ya daɗe."

Ban gane komai ba. Amma ina ni ina ce wa babba kamar wannan ta maimaita? A gidanmu in babba ya yi magana "to" ake cewa, in ya so daga baya ka tambayi na kusa da kai. Ni kuwa ba ni da na kusa. Akwai allo a jikin ƙofar da rubutu, amma da yarensu ne, haruffa sun cunkushe kamar an yi musu rowar wuri. An ce matambayi ba ya ɓata. Na san karin maganar nan sarai, ban dai yi aiki da ita ba.

Kwanakin farko ban ji daɗinsu ba, ba zan ɓoye ba. Rana ta ƙi faɗuwa, sai ka rasa ina la'asar ta tsaya ina magariba ta kama. Abincin rana burodi ne da cuku mai sanyi, kowa ya ci nasa a gabanka ba ko bismillah. Wata rana ina zaune a kicin ɗin makaranta ina juya burodi kamar mai shan magani, wata mata ta zauna kusa da ni tana dariya. Sunanta Selam, 'yar Habasha ce, shekararta ta uku tana digirin digirgir. Ta buɗe jaka ta miƙo mini wata 'yar kwalba ta jan yaji irin na ƙasarsu.

"Barbaɗa," ta ce. "Ni ma da na zo kuka na yi wata guda."

Kai, ranar na san na ci abinci! Ta nuna mini hoton 'yarta a waya, yarinya mai wushirya, tana hannun kakarta a ƙauye. Ta ce gwajinta na ƙarshe take yi, in ya kammala wannan zafin, za ta koma gida kafin a sa yarinyar a makaranta. Ban tambaye ta gwajin mene ne ba. Washegari ta tafi wani taro a wata ƙasa, na kwana goma.

A daidai wannan lokacin ruwa ya ɗauke a gida. In na kira Baba, sai mu gama gaisuwa tsaf, sannan in ce, "Ya ruwa?"

"Ruwa na Allah ne," zai ce. Daga nan na san babu.

Inna ce ke faɗa mini gaskiya. Masara ta fara nannaɗe ganye. An fita roƙon ruwa a Hunkuyi, an ce mutanen Paki da Gubuchi ma sun fita. Baba ya daina cin tuwon dare sosai, da asuba yana tsakar gida yana duban gabas. Ni kuma ga ni a ƙasar da ruwa ke bin kowane lungu a magudana, ina ƙirga ƙwayar wake da ta tsiro a faranti.

Aikina a ɗaki na huɗu yake, dole in ratsa na uku. Wata Asabar da sassafe, babu kowa, na ɗaga kai na dubi tukwanen nan masu jan ƙyalle da kyau. Dawa ce. Dawa fa, irin tamu! Na tsaya kamar na ga ɗan garinmu. Amma tana cikin wani hali. Ganyen ya yi yaushi ya nannaɗe, bakinsa ya fara ƙonewa. Na tura yatsa cikin ƙasar, ƙamas. A ɗaya gefen ɗakin kuwa ga wata dawar babu ƙyalle, koriya shar, 'yan bututai na ɗiga mata ruwa. Na ce a raina, lallai bututun wannan ɓangaren ya toshe, mai ita kuma ba ya nan.

Sai na faɗi yadda muke yi a fadamar Hunkuyi, in ba haka ba za a ɗauka hauka na yi. Lokacin noman rani kowa da lambunsa, an yanka shi kwami-kwami, hanyar ruwa ɗaya ta ratsa mu duka. In kana ban-ruwa ka ga kwamin maƙwabcinka ya bushe, shi kuma ba ya nan, ba ka jiran kowa. Fartanya za ka sa ka buɗe bakin kwamin, ruwa ya shiga ya cika, ka toshe. Kuma ba ka faɗa. Wannan shi ne babban sharaɗin. Wanda ya je ya ce wa mutum "na ba tumatirinka ruwa jiya" gori ya yi, ya zubar da ladansa, an kuma san shi ƙaramin mutum ne. Ina ɗan shekara goma Baba ya taɓa make mini ƙeya don kawai na yi shelar irin wannan a gaban mutane. Mai lambu zai zo ya ga ƙasa a jiƙe, ya ce Allah Ya saka wa wanda ya yi, shi ke nan.

Na ɗauko butar ban-ruwa a bayan ƙofa. Tukunya sittin da wani abu, ɗaya bayan ɗaya, sai da kowace ta sha ta ƙoshi. Na goge ruwan da ya zuba a ƙasa, na mayar da buta inda take.

Safiya tara ina yin haka kafin kowa ya zo. Kwana uku ganye ya warware. Kwana shida ta miƙe tana sheƙi. Wallahi tunda na sauka ƙasar nan ban yi farin ciki irin na waɗannan kwanakin ba. Har magana nake mata: "Sha, 'yar gari, sha. Naki ya samu, saura na Baba." Ina ji a raina ko Allah zai dubi wannan Ya sauko mana da ruwa a gida. Da Inna ta kira ta ce an kwana ana tafka ruwa, har na ce to, ga sakayya tun a duniya.

Ranar Litinin Selam ta dawo. Ina ɗaki na huɗu na ji wata ƙara, ba ta kuka ba, irin ta wanda ya taka garwashi. Muka fito da gudu. Tana tsaye a tsakiyar dawar nan, ta ɗora tukunya ɗaya a sikeli, ta sauke, ta ɗora wata.

"Wa ya ba su ruwa? Wa ya ba su ruwa?"

Ni fa har na fara murmushi a ciki, ina cewa ba zan faɗa ba, ladana nake so. Sai na kalli fuskarta.

A taron da Farfesa ta kira da rana na fahimci abin da aka faɗa mini a ranar farko. Dawar Selam ce. Iri ne da ta bi manoman yankinsu gida-gida ta tattaro, tana neman wanda ya fi jure fari. Jan ƙyallen nan ma'anarsa kar a ba da ruwa. Da gangan aka rufe bututun, ana so a ga wacce za ta mutu, wacce za ta rayu. Yanzu duk sun rayu, ba a san gwana ba. Sake shukawa kuma ba zai yiwu ba sai baɗi, don ranar ƙasar nan in ta juya baya ta tafi ke nan.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Garin neman ƙiba na samo rama, kuma ba ni kaɗai ba.

Ba wanda ya kalle ni. Wa zai zargi baƙon da ko famfon ɗakin bai san inda yake ba? Farfesa ta juya wajen Baba Yop.

"Yop, kai ka rufe bututun ɓangaren nan?"

"Na rufe. Da hannuna."

"To ruwa bai sauko daga sama ba, akwai rufi. Ka ba wa Selam makullin ɗakin har mu gano."

Ba ta ɗaga murya ba. Amma na ga wuyan tsohon nan ya yi ja har kunne. Ya zare makulli daga ɗamararsa ya ajiye a tebur.

Kwana uku na yi da abin a cikina. Kada Allah Ya maimaita mini irinsu. Kwalbar yajin Selam na tura ta can ƙarshen jaka don kar in gan ta. Shaiɗan kuwa ya samu wurin zama. Yana ce mini: wa ya gan ka? Saura sati uku ka karɓi takardarka. Tsoho ne, ya kusa ajiye aiki, me za a yi masa? In ka faɗa, dawar za ta koma ta bushe ne? Ka tuna gwiwar Baba a cikin kunya. Wallahi hujjojin nan duk na auna su, kuma ba zan yi ƙarya ba, sun yi mini nauyi a hannu. Duk wanda ya buɗe ƙofa sai in zabura. In Farfesa ta gifta sai in ga kamar ta karanta a goshina.

Rana ta huɗu da safe na tarar da Baba Yop a durƙushe a bayan ɗaki na uku, ta waje, ya kwance kan bututun gaba ɗaya, ya jera ƙarafan a kan tsumma. Ashe kullum sai ya kwance shi ya ɗaura. Na gaishe shi. Bai ɗago ba.

"Lafiyarsa ƙalau," ya ce. "Sau biyar ina dubawa. To in ba bututun ba ne, ni ne. Wataƙila na buɗe na manta." Ya goge hannu a wando. "Haka matata ta fara, Bashari. Da mantuwar ƙananan abubuwa."

Na jingine keken matarsa a bango, na wuce kai tsaye ofishin Farfesa, don na san in na tsaya tunani ba zan je ba.

Ina shiga na durƙusa a gaban teburinta. Ta miƙe a firgice.

"Me ya faru? Tashi ka zauna a kujera."

Na faɗa mata duka, daga "na gane" ɗin da ban gane ba har butar bayan ƙofa. Ta koma ta zauna, ta ce:

"Ka ga shuka na mutuwa, ka tausaya mata. Wannan na fahimta. Amma kwana tara! Me ya hana ka gaya wa wani? Ko Yop, da kuke gaisawa kullum?"

"A garinmu ba a faɗa, ranki ya daɗe. In ka faɗa ka yi gori."

Ta sa na maimaita, na yi mata bayanin kwami da fartanya. Ta cire tabarau ta murza ido.

"Za ka ƙarasa kwas ɗinka," ta ce. "Kuma na gode da ka zo da ƙafarka. Amma takardar da nake rubutawa cewa take yi na amince a damƙa wa mutum binciken wani. Bana ba zan iya rubuta maka wannan ba."

Na ce to. Wannan karon na gane sarai.

Selam ce na fi tsoro. Na same ta a ɗaki na uku tana kwance jan ƙyallen daga tukwane, ɗaya-ɗaya, tana ninkewa. An riga an gaya mata. Na so ta zage ni, ta jefe ni da tukunya, da na ji sauƙi. Na ba ta haƙuri har kalmomi suka ƙare mini. Ta ci gaba da ninke ƙyalle.

"A ƙauyenmu ma haka ake yi," ta ce a hankali. "Mahaifina da ya ga wannan, shi ma sai ya ba ta ruwa." Ta ajiye ƙyallen. "Amma 'yata za ta shiga makaranta ba na nan. Ka tafi yanzu, don Allah. Ba na son ganinka yau."

Baba Yop kwana biyu bai amsa gaisuwata ba. Rana ta uku na fito na tarar an mayar masa da makullinsa, yana tsugune yana ba tayar keken iska. Ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "Ya gajiya, ya iyali, ya aiki." Da Hausa ya faɗa, a karkace, yadda ya tsinta a bakina. Na juya baya don kar ya ga idona.

Na dawo gida ana shirin yankan masara. Baba ya tare ni a zaure, muka gaisa doguwar gaisuwa, sannan ya ce, "Takardar fa?"

"Tana hanya, Baba. Sai sun aiko."

Ni da na iya durƙusawa gaban Baturiya na faɗi gaskiya, na kasa a gaban mahaifina. Wata uku takardar nan tana hanya. Duk wanda ya zo gaishe shi sai ya ce masa, "Bashari takarda yake jira daga Turai." Ni kuwa in sunkuyar da kai.

Rani ya shiga, muka koma fadama. Wata safiya muna ban-ruwa, injin na ta ƙugi, Baba ya nuna mini lambun da ke jikin namu da haɓa. Na Malam Tanimu ne, tumatirinsa ya yi laushi.

"Ya tafi ta'aziyya Gubuchi. Buɗe masa."

Na ɗauki fartanya na je bakin kwamin. Na ɗaga. Wallahi hannuna ya ƙi sauka. Ruwa na wucewa ta gefen ƙafata, ni kuwa ina tsaye kamar an dasa ni.

"Kai, lafiya?"

"Baba, in da gangan ya bar shi fa? Ko mu kira shi a waya mu tambaya?"

Ya dube ni sama da ƙasa. "Mu tambaya? Wannan ne abin da ka koyo a Turan?"

A nan na faɗa masa, a tsaye, fartanya a hannu. Dawar, jan ƙyallen, tsohon, yarinya mai wushirya, da takardar da ba ta taɓa kama hanya ba. Bai katse ni ba. Da na gama sai ya tambaye ni:

"Tsohon, an wanke shi daga zargin?"

"An wanke shi, Baba."

"Ita matar, ka ba ta haƙuri da bakinka?"

"Na ba ta."

Ya karɓi fartanyar daga hannuna. Ya sunkuya da ƙyar, yana dafe gwiwa, ya sara bakin kwamin sau biyu. Ruwa ya kwarara cikin tumatirin Malam Tanimu.

"Can su suka san abin da ya sa dawarsu ƙishi," ya ce. "Nan kuwa Tanimu ta'aziyya ya tafi. Takarda kuma, tunda ban taɓa ganinta ba, ba zan yi kewarta ba."

Haka ya ce. Amma kwamin ya cika, ya toshe bakin, bai miƙe ba. Ya daɗe a sunkuye ya ba ni baya, yana ta daddale ƙasar da ta riga ta toshu.